Yarinyar da ta koyi iyo a ruwan otal

 

Yau labarin wata 'yar Kamaru muka kawo muku, Antoinette Guedia Mouafo. A shekarar 2008, tana da shekara 12 kacal, ta wakilci ƙasar nan a gasar Olamfik ta birnin Bejin na ƙasar Sin, kuma duk cikin dubban 'yan wasan da suka hallara babu wanda ya kai ta ƙarancin shekaru. Tseren ninkaya na mita 50 ta shiga. To, a ina ta koya? A wurin iyo na wani otal, mai tsawon mita 22, wanda ko rabin na Olamfik bai kai ba. Ta gama tseren cikin sakan 33 da 'yan kai. Ba ta ci lambar yabo ba, amma ba ta yi zuciya ba. A 2012 ta koma gasar a Landan, ta yi shi cikin ƙasa da sakan 30. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun tura tasu, Roukaya Moussa Mahamane, zuwa Riyo a 2016.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu da wasan iyo? Malam, da ruwanka. Kai da kake tsallaka Benuwai da shanu, iyalinka na biye da kai. Hajiya, ke da kike shiga kwalekwale da kayan sayarwa. Mu na Duwala ga Kogin Wuri a gefenmu, kuma mun san yadda ruwa ke cika lungunan New Bell in damina ta kankama.

Ku tuna abin da ya faru a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021. Jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari, aka rasa rayuka sama da 20, akasarinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi. Allah ya jiƙansu.

A wurinmu yaro namiji yakan koyi iyo a rafi wajen kiwo, ita kuwa mace sai a ce ba ta da gami da wannan. Amma ranar da jirgi ya kife, ruwa ba ya tambayar mace ce ko namiji. Malamai ma sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa 'ya'ya iyo.

Ba sai an je otal ba. A nemi wuri marar zurfi, marar igiya, mace babba da ta iya ta koya wa 'yan mata cikin suturarsu. A fara da yadda mutum zai kwanta rigingine ruwa ya ɗauke shi, ya yi numfashi ba tare da firgita ba. In za a shiga jirgi kuma, a nemi rigar kariya, kada a yarda a yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa.

Kafin ruwan bana ya cika, sai kowa ya duba gidansa: 'ya'yanka mata nawa ne za su iya kai kansu gaɓa?

Allah ya tsare mana hanya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.