A Rufe Kasuwa ko a Bar Ta?

Yau za mu yi magana a kan wata gardama wadda ta raba kan mutane a ƙasashe da yawa, ta shiga har cikin gidaje da rumfunan kasuwa. Ga tambayar: idan annoba ta shigo gari tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, me ya kamata Gwamnati ta yi? Ta rufe kasuwa, ko ta bar ta? Kada ka yi saurin amsawa, ɗan'uwa. Bari mu tafi gabas tukuna, zuwa ƙasar Sudan, mu ga abin da ya faru can a shekara ta 2020.

A wurin da Farin Nilu da Shuɗin Nilu su ke gamuwa akwai birane uku kusa da juna, watau Kartum, da Umdurman, da Bahri. Kogi ne ya raba su, gadoji kuwa su ne su ka haɗa su. Ƙasar ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun zamanin da a ke tafiya Makka a ƙasa, alhazanmu su na bi ta can, waɗansu su ka zauna, su ka haifi 'ya'ya da jikoki. Naman nan da mutanen Sudan su ke kira agashe, daga hannun Hausawa su ka san shi. Saboda haka labarin nan na 'yan'uwanmu ne.

Ran 13 ga Maris 1920 ba ita mu ke nufi ba, ko wani zamani mai nisa. Jiya-jiyan nan ne. Ran 13 ga Maris 2020 Gwamnatin Sudan ta ba da sanarwa cewa cutar korona ta shigo ƙasar. Mutum na fari da aka tabbatar ya riga ya rasu a Kartum kwana ɗaya kafin sanarwar. Bayan kwana uku aka rufe filayen jirgin sama da iyakokin ƙasa. Kafin watan ya ƙare aka sa dokar hana fita da dare. Sa'an nan, ran 18 ga Afril, aka kulle Jihar Kartum duka, aka ce na mako uku ne. Aka rufe manyan kasuwanni, aka tsare gadoji, aka hana motocin haya. Sai dai mutum ya fita da safe cikin unguwarsu ya sayi abin masarufi, ya koma gida. Azumi kuwa saura mako ɗaya.

Nan fa gardama ta tashi. Bari mu ji kowane gefe da adalci.

Likitoci, da Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Akram Ali al-Tom, su ne su ka tsaya a kan a kulle. Dalilinsu ke nan. Ƙwayar cutar tana fita tare da numfashi, da tari, da magana. Ta fi kamu inda mutane su ka cunkushe, iska ba ta shiga. Abin da ya fi muni, mutum yana iya ɗauke da ita bai sani ba, yana cin kasuwarsa lafiya lau, yana rarraba wa jama'a. Kai ɗan kasuwa ne, ka san lissafi. Idan mutum ɗaya ya zama biyu, biyu su ka zama huɗu, huɗu su ka zama takwas, kafin a ninka sau goma an wuce dubu. Ranar da aka kulle Kartum, waɗanda aka tabbatar da cutar a jikinsu ba su kai ɗari ba. Amma likitoci sun san asibitocinsu. Gadaje kaɗan ne, magani ya yi wuya, iskar da a ke sa wa mai sarƙewar numfashi ba ta isa. Su ka ga gara a kashe wuta tun tana bakin dangi, kafin ta kama jinka.

To, masu ƙin kulle fa? Su ma ba mahaukata ba ne. Yawancin mutanen biranen nan hannu baka hannu ƙwarya su ke. Ka tuna da matan da su ke zama gindin itatuwa da murhu su na sayar da shayi. Ka tuna da ɗan dako a Kasuwar Umdurman, da mai tura baro a Kasuwar Libiya, da mai keken haya, da mai gasa agashe da maraice. Abin da su ka samo yau, shi a ke ci yau. Tun kafin cutar ta zo, mutane su na kwana a layi domin burodi da man mota da gas na girki. A watan Mayu 2020 tsadar kaya ta ninka ta shekarar da ta gabata har ta wuce. Abin da aka saya fam ɗaya a da, a lokacin fam biyu ba ya saye. Ka ce wa irin wannan mutum ya zauna gida mako uku, me zai ba 'ya'yansa? Cutar da a ke ba shi labari bai gan ta da ido ba. Yunwa kuwa tana cikin ɗakinsa tana kallonsa.

Har wa yau akwai zancen ibada. Gwamnati ta ce a dakatad da jam'i a masallatai, da taron sujada a majami'u, har kulle ya wuce. Wannan ya yi wa mutane da yawa zafi ƙwarai. Gwamnan Kartum kansa, Janar Ahmad Abdun Hammad, ya ƙi zartad da dokar. Ran 16 ga Afril Firayim Minista Abdalla Hamdok ya tuɓe shi. Ka gani, gardamar ba a kasuwa kaɗai ta ke ba, har cikin manya ta ke. Ga kuma siyasa. Shekara ɗaya ke nan da faɗuwar Umar al-Bashir, Gwamnatin riƙon ƙwarya ba ta zauna da gindinta ba tukuna. Waɗansu su ka ce babu wata korona, dabara ce kawai ta hana mutane taruwa.

Me ya biyo baya? Mako ukun nan aka yi ta ƙara masa, har ya kusa wata uku. Gwamnati ta yi alkawarin taimakon abinci, an kuwa raba wani abu, amma bai kai ga kowa ba. Sannu a hankali mutane su ka koma neman abinsu ta lungu. Asibitoci da dama su ka rufe ƙofa, gama ma'aikata ba su da kayan tsare kansu, waɗansu likitoci ma an doke su a bakin aiki. Mai ciwon sukari, da mai ciwon zuciya, da mace mai naƙuda, sai a yi ta yawo da su daga wannan asibiti zuwa wancan. Ran 30 ga Yuni jama'a masu ɗimbin yawa su ka fito zanga-zanga a tituna, alhali dokar tana nan. A farkon Yuli aka sassauta kulle, aka kuma sauke Ministan Lafiya.

Yanzu za ka ce, ashe masu ƙin kulle su ne da gaskiya. Dakata ka ji sauran. A watan Disamba 2020 masana na makarantar Imperial College ta birnin Landan su ka fid da lissafinsu. Su ka ce a ƙiyasinsu, cikin mutum ɗari da korona ta kashe a Kartum, kamar biyu ne kaɗai su ka shiga littafin Gwamnati. Su ka ƙiyasta mutum wajen 16,000 sun mutu ba a ƙidaya su ba, zuwa 20 ga Nuwamba. Daga baya, a watannin Maris da Afril 2021, ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatan lafiya na Sudan su ka bi gida gida a Umdurman, su na auna jini, su na tambayar waɗanda su ka rasu. Su ka iske fiye da rabin mutane cutar ta riga ta taɓa su. Mace-mace kuwa sun ƙaru da kashi 67 cikin 100 bisa ga yadda su ke kafin annoba, tsofaffi ne su ka fi tafiya. Cutar ba ta bar manya ba. Ran 26 ga Nuwamba 2020 ta ɗauke Imam Sadik al-Mahdi, wanda ya yi Firayim Minista sau biyu, yana da shekara 84. Aka binne shi a hubbaren kakan mahaifinsa Mahdi a Umdurman.

To, wa ya fi gaskiya, likita ko ɗan kasuwa? Likita ya ce cuta tana kisa, ta kuwa yi kisa. Ɗan kasuwa ya ce yunwa ba za ta bar shi ya zauna ba, ba ta kuwa bar shi ba. Dukansu biyu sun faɗi gaskiya, amma kowa rabinta ya riƙe. Abin da ya ɓace a tsakani shi ne amana. Doka ba ta tsare annoba sai mutane sun yarda da mai dokar. Soja yana iya tsare gada, amma ba ya iya tsare kowane lungu.

Kada ka ce wannan halin mutanen Sudan ne. A cikin watan Afril ɗin nan aka kulle Kano, masu haƙa kabari kuwa su ka ga gawa ta yi yawa fiye da yadda su ka saba. A watan Yuni Ministan Lafiya na Nijeriya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce cikin mutum 979 da aka bincika rasuwarsu, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa korona ce sanadi. A Yamai kuma samari su ka yi arangama da 'yan sanda saboda dokar hana fita da hana jam'i. Gardama ɗaya ce, gari ne dabam dabam.

Ina a ke samun amanar nan? Abu uku ne a wuyan masu mulki. Na fari, wanda ya rufe wa mutum rumfa ya ɗauki bashin cikinsa. Abinci shi ne zai riga doka isa ƙofar gida. A Sudan an fara wani shiri mai suna Samarat, na ba mutum kimanin dala 5 a wata domin rage zafin tsada, amma sai a Fabrairu 2021, wata goma bayan kulle, ya kuma tsaya bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021. Rumbu tun da kaka a ke cika shi. Na biyu, a faɗi gaskiya. Idan ba a iya ƙidaya matattu ba, a gaya wa jama'a lissafin bai cika ba, gama ƙaramin lissafi yana sa mutane su saki jiki. Na uku, a yi shawara da waɗanda jama'a su ke jin maganarsu, watau sarkin kasuwa, da liman, da fasto, da mai unguwa, da shugabannin mata, tun ba a buga doka ba. Da shawara, sau da yawa a kan sami hanya tsakanin rufewa ƙaf da sakewa sarai: a raba ranakun ciniki, a baza rumfuna a fili, a tsare tsofaffi a gida.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kai ma akwai naka, ɗan'uwa. Idan ka ce babu cuta domin ba ka son mai mulki, ba shi ka cuta ba; tsohuwarka da ke ƙuryar ɗaki ita za ka kai wa. Idan ka ɓoye hatsi ran da aka rufe kasuwa domin mudu ya yi tsada, ka zama abokin annoba. Idan ka ji labari a bakin titi ka yaɗa shi ba ka bincika ba, bakinka ya zama kamar tarin mai cuta. Idan zazzaɓi ya kama ka, ka zauna gida, ka rufe hanci da baki, ka nemi likita. Idan allurar rigakafi ta zo, ka tambayi masu sani, kada ka tambayi mai raɗa.

Akwai wani abin kirki da za mu koya daga biranen nan. A unguwannin Kartum da Umdurman samari da 'yan mata sun kafa kwamitoci tun lokacin juyin 2019. Da kulle ya zo, su ne su ka tsaya a gidajen burodi su na tsara rabo, su na lura da gas, su na koya wa mutane wanke hannu. Ba su jira an aiko daga sama ba. Ran 15 ga Afril 2023 yaƙi ya ɓarke a Kartum, bala'in da ya fi korona nesa ba kusa ba, ya watse kasuwanni, ya rushe asibitoci. Daga cikin irin mutanen nan aka sami masu dafa abinci a manyan tukwane su na ciyad da maƙwabta kyauta. Amanar da su ka gina lokacin annoba, ita ta yi musu rana lokacin yaƙi.

A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta fita daga matsayin gaggawa. Amma kada mu ruɗi kanmu, wata annoba tana iya zuwa, ba wanda ya san ranarta. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka ga tambayar da za mu bar ka da ita. A layinku na kasuwa, ka san wanda ba zai iya kwana uku ba ciniki ba? Ka san gwauruwar da ke bayan gidanka, da marayun da ta ke riƙo? Ku 'yan ƙungiyar kasuwa, kuna da asusun da za ku buɗe ran da aka ce kowa ya zauna gida? Idan babu, ku fara a makon nan, ko da mudu ɗaya ɗaya ne. Ku je wurin shugabanninku kuma ku tambaye su abin da su ka tanada, tun lafiya tana nan.

Allah ya ji ƙan mutanen Sudan, ya ba su salama. Allah ya ba shugabanninmu hikima da tausayi, ya ba mu zuciyar ƙaunar maƙwabci. Mu kwana nan. Sai wani jiƙon, ku huta lafiya.