Kimiyya a Cikin Kwalba: Yadda Muka "Shuka" Sukari a Gida



Kwanakin baya ƙanwata 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare tana haɗa shayi, sai ta ce min, "Yaya, in sukari ya narke, ina yake tafiya?" Na ce ai yana nan cikin ruwan. Ta ce, "To dawo da shi mu gani." Wallahi da digirina da komai, shiru na yi. Mu hadda muka yi wa kimiyya, har na gama sakandare ban taɓa yin gwaji da hannuna ba. Na ce ita kam ba za ta tashi haka ba.

Ga abin da muka yi. Ka ɗora ruwa kofi 1 a wuta, ka riƙa zuba sukari kaɗan-kaɗan kana juyawa, har kofi 3 ya narke tas. Ka sauke ya huce kamar minti 20, sannan ka juye a kwalba mai tsabta. Babba ne zai yi wannan ɓangaren fa, ƙunar ruwan sukari ba wasa ba ce.

Tun kafin nan, ka jiƙa tsinken tsire, ka birkiɗa shi a sukari, ka bari ya bushe sosai. Sai ka tsoma shi a kwalbar, ka maƙale da fegin shanya don kada ya taɓa gindi ko gefe. Ka rufe da takarda saboda ƙura, ka ƙyale ta kwana 5 zuwa 7. Banda girgizawa.

To me yake faruwa? Ruwa giram 100 mara zafi yana narkar da sukari kamar giram 200 ne, amma in ya tafasa yana ɗaukar fiye da ninkin haka. Da ya huce, rarar sai ta rasa wurin zama, ta riƙa manne wa ƙwayoyin da ke jikin tsinken. Su ne irin. A hankali suke girma, masu kusurwa da ƙyalli kamar ƙanƙara. Wannan alawar ce ake kira nabat a Iran, a Indiya kuma mishri.

Karon farko mun sha ƙasa. Mun tsoma tsinken ruwan na da zafi, irin ya narke, kiyashi kuma suka yi biki. Umma ta ce, "A tsadar nan kuke wasa da sukari?" Karo na biyu muka tsaya ya huce, muka ɗora kwalbar cikin faranti mai ruwa, ragowar ruwan sukarin kuma ya tafi zoɓo.

Ranar kwana na shida, da ihun ƙanwata na farka: "Yaya, ya dawo!"

Ku gwada da ƙannenku a satin nan. In bai yi ba, kada ku ba su amsa, ku tambaye su me suke ganin ya jawo. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.