Kafin Alƙalami Igiya Ce Mai Baki Biyu: Haƙƙin Mai Ɗaukar Shatar Mota Idan Aka Saɓa Alkawari

Gabatarwa



Zan fara da abin da ya faru a ƙofar gidanmu. Mako biyu kafin bikin 'yar yayana, mun yi ciniki da mai bas ɗin da za ta kai amarya, muka ba shi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, da alkawarin zai iso da ƙarfe goma na safe. Ranar ta zo, gwaggonni suka fito da mayafansu suka zauna a kan tabarma a zaure, an jera akwatuna da ƙwaryar gara a bakin ƙofa. Har aka kira azahar wayarsa a kashe. Da la'asar sai ga yaronsa da wata ƙaramar mota, yana cewa, "Baba, a yi haƙuri, an tafi da babbar wani aiki. Kuma mai ya tashi, sai an ƙara wani abu." Mun ƙara, domin ba a kwana da amarya a ƙofar gida. Da mu ne muka fasa, na tabbata amsar da za mu ji ita ce: kuɗi ya shiga, ba ya fita.

Wannan rashin daidaito shi ne batun takardata. A tashoshinmu kafin alƙalami yana ɗaure hannun wanda ya biya, ya bar na wanda ya karɓa a sake. Dokar ƙasa ba ta yarda da haka ba, fiƙihun da muka gada ma bai yarda ba.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Najeriya tana da Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa hukumar FCCPC, wadda ta maye gurbin majalisar kare masu saye da dokar soja ta 1992 ta samar. Dokar ba ta tsaya ga kayan kanti ba, ta haɗa har da aikin da ake biya a yi wa mutum, kuma sufuri yana ciki.

Sashe na 120 ya ba mutum ikon fasa abin da ya kama tun da wuri, sai dai a cire masa kuɗin fasawa daidai gwargwado. Wajen auna wannan gwargwado ana duba tsawon sanarwar da ya bayar da kuma damar da mai motar yake da ita ta samun wani. Wanda ya fasa saura kwana goma ba ɗaya yake da wanda ya fasa bayan direba ya sha mai ya tsaya a ƙofarsa ba. Sashe na 130 kuma ya ce haƙƙin mai biya ne a yi masa aiki a kan lokaci, a sanar da shi idan jinkiri ya zama dole, in kuwa aikin ya gaza, a gyara ko a mayar masa da kason kuɗin da ya dace.

Ba a takarda kawai maganar ta tsaya ba. A 2022 Babbar Kotun Jihar Enugu ta yanke hukunci a ƙarar da wani lauya ya kai kamfanin Peace Mass Transit, wanda ya ƙi mayar masa da kuɗin tikiti bayan ya gaji da jiran mota ta tashi. Kotun ta ce ƙa'idar ba a mayar da kuɗi bayan biya ta saɓa wa doka, ta kuma ba shi diyyar naira 500,000. Idan haka ne a kan kujera ɗaya, ina ga wanda ya ɗauki shatar mota sukutum?

Abin da malamanmu suka riga suka warware

Tun zamanin ayarin raƙuma malaman Malikiyya suka raba hayar abin hawa gida biyu. Akwai hayar ayyanannar dabba, wato wannan raƙumin da na nuna da hannu. Risalar Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a zaurukanmu, ta bayyana cewa idan irin wannan dabba ta mutu a hanya, hayar ta warware a kan abin da ya rage na tafiyar. Akwai kuma hayar lamuni, inda mai dabba ya ɗauki nauyin kai ka wuri kaza. A nan in ɗaya ta kasa, wajibinsa ne ya kawo wata. Sauya raƙumi da bas mai kujera 18, za ka ga rigimarmu ta yau ce. Wanda ya yi ciniki a kan wata mota takamaimai ba a tilasta masa karɓar ƙasa da ita a kan kuɗi ɗaya, wanda kuma aka lamunce wa tafiya ba a ce masa mota ta lalace a juya masa baya.

Haka nan Imam Malik a Muwaɗɗa ya kawo hani a kan cinikin da ake sharɗanta cewa kuɗin kamu ya zama na mai kaya in an fasa, kuma hayar dabba tana cikin misalan da ya bayar. Hambaliyya sun halatta shi, amma mazhabar da akasarinmu muke bi ba ta ɗauki cinye kafin alƙalami a matsayin abu mai sauƙi ba.

Uzurin direba

Adalci ne mu ji ta bakin direba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, cinikin da aka ƙulla yau yana iya zama asara kafin ranar tafiya. Ga kuɗin mai mota, ga na ɗan kamasho, ga fasinjan da zai ce mutum goma ne a tarar da su ashirin da buhuna. Duk gaskiya ne. Amma maganin wannan a faɗe shi ranar ciniki, ba a jira sai mutum ya shiga tsaka mai wuya a tatse shi ba.

Shawarwari

Na farko, kowace shata ta kasance da rubutu, ko da saƙon waya ne da Hausa: irin motar da lambarta, ranar da sa'a, jimlar kuɗi, wa zai sha mai, da abin da za a cire in wani ya fasa. A biya ta banki ko a karɓi rasit.

Na biyu, ƙungiyoyin direbobi irin su NURTW su lika ƙa'idar fasawa a kowace tasha, wadda za ta hau kan direba kamar yadda ta hau kan fasinja.

Na uku, wanda aka zalunta ya bi mataki-mataki: mai mota, shugaban tasha, hukumar kare masu saye ta jiha ko FCCPC, sannan kotu.

Kammalawa

Gwaggonnina da suka wuni a zaure ba su san sashe na 130 ba, amma sun san an ci amanarsu. Aikinmu shi ne mu sanar da irinsu cewa abin da zuciyarsu ta ƙi, doka ma ta ƙi shi, kuma haƙurin da ake ba su ba ya maye gurbin kuɗinsu. Duk wanda ya miƙa hannu ya karɓi kafin alƙalami, ya san shi ma ya ɗaure kansa.