Keken Guragu Kamar Riga Yake, Sai An Gwada Shi Da Jikin Mai Shi

Jawabi ga wakilan ikilisiyoyin ƙauyukan da ke kewaye da Samaru da Sabon Gari, Zariya

 

Yau zan yi magana a kan abin da ke biyo bayan ranar rabon kekunan guragu. Ranar rabo akwai waƙa da godiya da ɗaukar hoto. Amma bayan wata uku sau da yawa sai a tarar an jingine keken a bayan ɗaki, mai shi kuwa ya koma jan jiki a ƙasa. Waɗansu sukan ce rashin godiya ne. Ba haka ba ne. Yawanci keken ne bai dace da jikinsa ba. Babu wanda tela zai ɗinka wa riga ba tare da awo ba. Haka keke yake, gama mutum yana wuni a cikinsa.

A shekarar 2020 aka tabbatar cewa cutar shan inna ta asali ta ƙare a Nijeriya, muna yi wa Allah godiya. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu. Ga kuma waɗanda haɗarin babur ya taɓa musu laka, da masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda aka yanke wa ƙafa. Kowannensu da irin gyaran da kekensa yake bukata. Tun a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa kada a miƙa keke sai an auna mutum, an daidaita masa shi, an kuma koya masa amfani da shi. Ga abubuwa shida da za mu iya dubawa a ƙauye.

Na ɗaya, faɗin mazauni. Idan mutum ya zauna, tafin hannunka ya iya shiga tsakanin kwankwasonsa da gefen keken, dama da hagu, ba matsi. In ya yi faɗi da yawa, zai riƙa karkata gefe guda, yaro kuwa bayansa na iya lanƙwashewa. A cike gefen da soso mai tauri. In ya matse, ƙarfe zai goge fata.

Na biyu, tsawon mazauni. Ya zauna har bayansa ya taɓa majingina, sa'an nan a duba bayan gwiwa. Ya kamata yatsu biyu ko uku su shiga tsakanin bayan gwiwa da bakin mazauni. In babu wannan fili, bakin zai danne jijiyoyi, mutumin kuma ya riƙa zamewa gaba.

Na uku, matakin ƙafa. Da sifana ake ɗaga shi ko a sauke shi. In ya yi sama, gwiwa za ta tashi, nauyin jiki duka ya koma kan ƙasusuwan mazaunai. In ya yi ƙasa, ƙafa za ta yi ta lilo. A daidaita shi har cinya ta kwanta sosai, tafin ƙafa ya zauna daram. A bar aƙalla inci 2 tsakanin matakin da ƙasa, saboda duwatsu da kunyoyin hanyoyinmu. A ɗaura maɗauri a bayan ƙafa don kada ta zame ta shiga ƙarƙashin keke.

Na huɗu, manyan tayoyi da majingina. Idan mutum ya zauna a miƙe ya saki hannuwansa, kan yatsunsa ya kai tsakiyar taya. A waɗansu kekuna ana iya matsar da tayar gaba ko baya. In ta yi gaba, tuƙi zai yi sauƙi, amma keken zai fi saurin kifewa ta baya. Wanda aka yanke wa ƙafafu biyu, dole tayarsa ta koma baya, gama babu nauyin da zai riƙe gaban keken. Mai tuƙa kansa da ke da ƙarfin baya, majinginarsa ta tsaya ƙasa da allon kafaɗa domin hannu ya sake. Wanda ba ya iya riƙe jikinsa yana bukatar doguwa.

Na biyar, birki da iska. Birkin keken guragu taya yake dannewa, saboda haka in iska ta ragu, birki ba zai kama ba. A fara zuwa wurin mai faci kafin a taɓa notin birki. A kulle birki duka biyu kowane lokaci za a hau ko a sauka. Ƙananan tayoyin gaba sukan naɗe gashi da zare da leda, a riƙa cirewa. A wanke laka da damina, a goge ƙura da hunturu, a sa wa boris giris. Masu gyaran keke a kasuwar Samaru da ta Sabon Gari za su iya wannan duka. Amma kada a yanke ƙarfen keke ko a kai shi wurin mai walda a sake masa fasali ba tare da shawarar masani ba.

Na shida shi ne mafi muhimmanci, wato matashin zama. Wanda lakarsa ta taɓu ba ya jin zafi a mazaunansa. Yana zaune fata na mutuwa bai sani ba, har gyambo ya ɓullo, ya ci nama ya kai ƙashi. Wannan gyambo yana kisa. Kada irin wannan mutum ya zauna ba matashi ko na kwana ɗaya. Filon barci ko tsumma ba su isa ba. Ana bukatar soso mai kyau, kaurinsa kamar inci 4, a kan katako shimfiɗaɗɗe idan mazaunin ya lotsa. A riƙa duba shi, in ya lanƙwame ko ya jiƙe a canza. Kowane minti 15 zuwa 30 mutum ya sunkuya gaba ko ya karkata gefe domin jini ya zagaya. Safe da yamma a duba fata. In an ga wuri ya yi duhu, ko zafi, ko tauri, bai kuma koma daidai ba bayan rabin sa'a, a daina zama a kansa, a tafi asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Shika kusa da mu, akwai sashen gashin ƙashi. Rigakafi ya fi magani.

A duk wannan, a tambayi mai keken. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada mu yi magana da mai tura shi alhali ga shi zaune.

Sa'an nan mu dubi ƙofofin majami'unmu. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta bukaci gine-ginen jama'a su zama masu shiguwa. Mu da muke karanta Markus sura 2, inda mutum huɗu suka buɗe rufin ɗaki domin abokinsu ya kai wurin Yesu, bai kamata mu jira doka ba. A yi gangare a bakin ƙofa: kowane inci 1 na tsayin dakali, a ba shi ƙafa 1 ta tsawo. A cire benci guda a tsakiyar jama'a, kada a ajiye ɗan'uwa a bakin ƙofa. Sarki Dawuda a teburinsa ya zaunar da Mefiboshet.

Roƙona shi ne, kowace ikilisiya ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace, domin mata su duba mata. A saya musu tef ɗin awo, da sifana, da famfon iska daga asusun taimako. Sau ɗaya a wata su ziyarci kowane mai keke a ƙauyen, Kirista ko Musulmi, su bi abubuwan nan shida, su rubuta abin da ya fi ƙarfinsu su kawo mana. Yara suna girma, saboda haka a sake auna su bayan kowane wata shida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ubangiji ya ba mu ikon aikatawa, ya kai kowa gida lafiya. Amin.