Wane Ne, ko Mene Ne? Ruhu Mai Tsarki a Aƙidar Kirista



Wataƙila wani zai yi mamakin abin da ya kai malamin Hausa ga maganar aƙidar Kirista, alhali kuwa akwai masu fannin. To, harshe ne ya kai ni. Bahaushe yana da tambayoyi biyu da ba ya haɗa su. In ya ji motsi a zaure sai ya ce, "Wane ne?" In kuwa ya ga ƙunshi a bakin hanya sai ya ce, "Mene ne?" Ta farko ana yin ta ne ga mai hankali, wanda zai iya amsawa. Ta biyu ana yin ta ga abu. Gardamar da malaman Kirista suka shafe ƙarnuka suna yi a kan Ruhu Mai Tsarki, in an taƙaita ta, ita ce: wace daga cikin tambayoyin nan biyu ta dace da shi? Akasarin Kiristocin duniya, da Katolika da Otodoks da Furotesta, sun tsaya a kan cewa "wane ne" ita ce daidai. Wato a wurinsu Ruhu mai sani ne, mai nufi, mai magana, kuma Allah ne tare da Uba da Ɗa, zati ɗaya. Nufina a yau shi ne in nuna yadda suka kai ga wannan matsayi, da irin wuyar da Hausa ke sha wajen faɗinsa.

Mu fara da kalmar kanta. A Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, ana cewa ruwah, kuma galibi jinsin mace take ɗauka. A Girkanci, harshen Sabon Alkawari, ana cewa pneuma, wadda ba namiji ba ce ba mace ba, domin harshen yana da jinsi na uku. A Latin kuwa spiritus namiji ne. Marubutan farko na harshen Siriyanci sun daɗe suna ambaton Ruhu da jinsin mace, sai daga wajen ƙarni na 5 aka riƙa komawa ga na namiji. Ga abu ɗaya, ga jinsi uku. Wannan kaɗai ya isa ya gargaɗe mu cewa jinsin nahawu ba hujja ba ne. Mu Hausawa mun fi kowa sanin haka, tun da muna ce wa dutse "shi", muna ce wa wuƙa "ita", ba kuwa wanda ya taɓa zaton dutse yana da hankali. Na faɗi haka ne don akwai masu wa'azi da ke kafa hujja da cewa a Linjilar Yahaya, sura ta 16, an yi wa Ruhu wakilin suna na namiji. Masana nahawun Girkanci, irin su Daniel Wallace a wata maƙala ta 2003, sun nuna cewa wakilin sunan yana komawa ne ga kalmar parakletos, wadda ake fassarawa da Mai Taimako, ita kuwa dama namiji ce. A ganina suna da gaskiya.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana ga aikatau, wato irin ayyukan da ake jingina wa Ruhu. A Ayyukan Manzanni, sura ta 5, Bitrus ya zargi Hananiya da yi wa Ruhu ƙarya a kan kuɗin gona, nan take kuma ya ce Allah ya yi wa ƙaryar. A sura ta 13 Ruhu ne ya yi magana, ya sa aka keɓe Barnaba da Shawulu don aiki. Bulus ya gargaɗi Afisawa kada su ɓata wa Ruhu rai, ya gaya wa Korintiyawa cewa Ruhu yana raba baiwa yadda ya ga dama, ya kuma gaya wa Romawa cewa yana yin roƙo domin masu bi. Malaman Kirista suka ce, ai ba a yi wa guguwa ƙarya, ba a kuma ɓata wa wutar lantarki rai. Amma kada mu ɓoye ɗaya gefen. A cikin littafin nan dai ana cewa an zubo Ruhu, an cika mutane da shi, an kwatanta shi da ruwa da wuta da iska. Wanda bai yarda ba yana iya cewa salon magana ne kurum, kamar yadda muke cewa yunwa ta kama ni, ko barci ya sace shi. A kan irin wannan fahimta Shaidun Jehobah suke, domin su a wurinsu ruhu ikon Allah ne mai aiki.

Saboda nassin yana ɗaukar fuska biyu, sai da aka yi zama. A taron Nikiya na shekarar 325, a garin da yanzu ake kira Iznik a Turkiyya, hankalin bishop-bishop yana kan matsayin Almasihu, don haka Ruhu bai samu fiye da ambato ɗaya gajere ba. Wajen shekarar 360 sai Sarafiyon, bishop na wani gari a arewacin Masar, ya kai kuka ga Atanasiyus na Iskandariya cewa akwai waɗansu da suka yarda Ɗa Allah ne, amma suna cewa Ruhu halitta ne, babba a cikin mala'iku. Atanasiyus ya amsa da wasiƙu, yana cewa wanda yake tsarkake halitta ba zai zama ɗaya daga cikin halittun ba. Basil na Kaisariya ya bi baya da littafi sukutum wajen 375, ya kafa hujja da baftisma: in ana yin ta da sunan Uba da Ɗa da Ruhu, yaya za a jera bawa da Ubangijinsa a suna ɗaya? A shekarar 381 Sarki Tiyodosiyus ya tara bishop kimanin 150 a Kustantiniya. Waɗansu 36 daban, masu musun allahntakar Ruhu, suka fice, sauran suka tabbatar cewa shi Ubangiji ne mai rayarwa, wanda ake yi wa sujada tare da Uba da Ɗa. Maganar ba ta mutu nan ba. Daga baya cocin yamma ya ƙara cewa Ruhu yana fitowa daga Uba da kuma Ɗa, na gabas ya ƙi, wannan kuwa na cikin abubuwan da suka kai ga rabuwar Rum da Kustantiniya a 1054.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Da aka ce su uku ne, sai tambaya ta taso: uku mene? Girkawa suka ce hupostasis. Tartuliyan, mutumin Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, ya yi amfani da persona, kalmar da asalinta ke nufin fuskar da ɗan wasan kwaikwayo ke sawa. Wannan asali yana da haɗari, domin yana iya sa a zaci Allah ɗaya ne ke sauya fuska sau uku, ra'ayin da aka jingina wa Sabiliyus aka kuma ƙi shi. Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba a Aljeriya, ya amsa da bakinsa cewa ana amfani da kalmar ne don kada a yi shiru, ba don ta gamsar ba. Kiristocin Larabawa kuwa suka aro uƙnum daga Siriyanci, suka bar ta ga wannan aiki kaɗai.

Hausa fa? Ɗalibin da ya ga kalmar Ingilishi da ta fito daga persona, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne "mutum". Da ya rubuta "mutum uku" ya ɓata zance, domin mutum a Hausa ɗan Adam ne mai jini da tsoka, ba kuwa Kiristan da ya ce Ruhu ɗan Adam ne. In ya ce "zati uku" ya faɗi abin da taron Kustantiniya ya ƙi, wato alloli uku. In ya ce "siffa uku" ya mai da Ruhu kamar ilmi ko iko, ya koma ga "mene ne". Ba ƙaramin abu ba ne wannan a ƙasar da Musulmi da Kirista ke zaune ofis ɗaya, suna shan ruwa a randa ɗaya. Sau da yawa musun da ake yi a kan tebur, kowa na faɗa ne da abin da ɗan'uwansa bai ce ba.

Haka kuma kalmar ruhu. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932, da Dakta Walter Miller na Zariya a cikin ma'aikatansa, suna da kalmar da ta yi daidai da ta Girkanci ƙwarai, wato iska. Pneuma tana nufin iskar da ke kaɗawa, tana kuma nufin ruhu, kamar dai tamu. A hirar Yesu da Nikodimu, a Yahaya sura ta 3, an yi wasa da ma'anonin nan biyu, kuma Hausa na cikin harsunan da za su iya riƙe wasan da kalma ɗaya. Amma iska tana da 'yan'uwa: ga iskokin bori, ga ɗan iska, ga iskanci. Sai aka bar ta, aka ɗauki ruhu daga Larabci, aka yi asarar wasan kalmar don a tsira da mutuncin ma'ana. Ni dai ban ga laifinsu ba.

Sai dai aron ya zo da nasa kaya. Ruhul Ƙudusi ya zo sau 4 a cikin Alƙur'ani, akasarin malaman tafsiri kuma sun ce Mala'ika Jibrilu ne. Saboda haka in Musulmi ya ji Ruhu Mai Tsarki, mala'ika yake gani. Abin lura shi ne, shi ma "wane ne" yake tambaya, domin Jibrilu mai hankali ne, mai magana. Inda suka rabu da maƙwabcinsa Kirista shi ne ko wannan Ruhu halitta ne ko Mahalicci, tambayar da Sarafiyon ya kai wa Atanasiyus.

Shawarata ga masu fassara, musamman na gidajen rediyo da masu rubuta littattafan makaranta, ita ce su guji neman suna ɗaya tilo. Hausa ta fi ƙarfi a aikatau da wakilin suna. Ana iya cewa Kirista sun gaskata Allah ɗaya ne a zatinsa, kuma Uba da Ɗa da Ruhu kowannensu "wani" ne, mai sani da nufi, ba ɗayansu da yake shi ne ɗayan. Jimlar ta yi tsawo, na sani. Wanda ya matsu da gajeriyar kalma, ga uƙnum nan a Larabci, ba kuwa yau muka fara aro daga can ba. Sai dai a jarraba ta a bakin masu coci tukuna, a ji ko za ta zauna.

Shugaba, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.