Jawabi Kan Ciwon Saifa: Haɗarin Da Ke Bin Wuƙa

Ranku ya daɗe ardo-ardo da sarkin pawa na Tamale, dillalai, da 'yan'uwa makiyaya.

An ce in yi magana kan haɗurran sana'armu. Ƙahon bijimi da maciji cikin ciyawa kowa ya san su. Zan tsaya kan wanda ido ba ya gani, wato ciwon saifa.

Ga alamarsa. Saniya tana kiwo lafiya lau da safe, kafin la'asar ta faɗi. Baƙin jini yana fita ta hanci da baki da dubura, kuma ba ya daskarewa. Ciki ya kumbura nan da nan. Idan kun ga haka, kada wuƙa ta taɓa ta.

To, a nan gizo yake saƙa. Ba ma cin mushe, gaskiya ne, amma da saniya ta fara shure-shure sai mu yi maza mu yanka don gudun asara. Yankan ba ya kashe cutar. Da jinin ya sha iska, ƙwayar cutar sai ta yi wa kanta ɓawo, ta zauna cikin ƙasa shekara da shekaru tana jiran wani garke. Mai fiɗa yana ɗauka, mai jima yana ɗauka, haka matar da ta babbake fatar don ganda. A jikin mutum ƙurji ne mai baƙin tsakiya a hannu ko wuya. Ba ya zafi sosai, shi ya sa ake raina shi. A kai mai shi asibiti ran nan, akwai magani.

Kun tuna abin da ya faru a Binduri cikin watan Yuni na 2023. An rasa rai, hukuma kuma ta hana yanka da safarar shanu, tumaki da awaki a yankin Upper East har wata guda. Wanda garkensa ke lafiya ma ya ji a aljihunsa.

Dabbar da ta faɗi haka, a kira malamin dabbobi, a ƙone ta ko a binne ta a rami mai zurfin mita 2, kada kare ya tone. A janye garke daga wurin.

Allurar rigakafin kuwa ba nesa take ba, a ɗakin binciken dabbobi na Pong-Tamale ake haɗa ta. Sau ɗaya ake yi a shekara, kafin ruwa ya sauka. Kowane ardo ya ba da adadin shanun rugarsa kafin mu watse.

Wassalamu alaikum.