Amsar Wasiƙunku: Yaya Ake Gyara Ƙusoshin Tagulla Na Piyano?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani maƙerin fari a Kalgo, Jihar Kebbi. Ya ce an kawo masa wasu 'yan ƙusoshin tagulla masu huji uku-uku da aka kwance daga tsohon piyano na wata makaranta, wai ya goge su da magagari. Ya nuna wa abokinsa mai haɗa goge a Gwandu, shi kuwa ya ce wannan ai aikin jakin goge suke yi. Shin gaskiya ne? Kuma ya sa magagari ko kuwa?

To, Malam, abokin naka ya yi kusa da gaskiya. Sunan wannan ƙusa agaraf, kalmar Faransanci ce mai nufin maƙalli. Wani maƙerin piyano na Faransa, Sébastien Érard, shi ya ƙago ta a 1808. Tana da zare a gindi, ana ɗaure ta a jikin farantin ƙarfen piyano, tsirkiya ta bi ta cikin hujinta. Kamar yadda jaki ke yanke inda izgar goge za ta fara kaɗawa, haka ita ma take tsaida tsawon tsirkiya, ta kuma hana ta ɗagawa idan guduma ta buge ta daga ƙasa.

Amma fa nauyin da ke kansu ba ɗaya ba ne. Piyano yana da tsirkiya wajen 230, kowace tana ja da ƙarfin kilo 70 ko fiye, jimla wajen tan 18 zuwa 20. Tsirkiyar ƙarfe ce mai tauri, tagulla kuwa tana da laushi. Yau da gobe sai ƙarfen ya ci saman hujin, ya yi masa kwarmi. Daga nan sai ka ji ziza cikin amon, ko tsirkiyar ta riƙa maƙalewa in ana saita ta, har ta tsinke.

Saboda haka, Malam, ajiye magagari. Cikin hujin ba miƙaƙƙe ba ne kamar bututu. Bakunansa biyu a buɗe suke, tsakiyarsa ta tsuke da ɗan tudu mai santsi, don tsirkiya ta taɓa wuri ɗaya tak. Magagari zai baje wannan tudu, amon ya lalace.

Masu wannan sana'a suna da wani ɗan ƙarfe mai kaifi da aka ƙera daidai siffar hujin. Da hannu ake murza shi, sau biyu ko uku ta kowane ɓangare, a tsaya da zarar kwarmin ya ɓace. Sannan a zura igiya mai maganin goge tagulla, a yi ta ja har cikin ya yi sheƙi. A kula huji ukun su tashi daidai wa daida, don guduma ɗaya ce ke bugun tsirkiya ukun a tare. In ɗaya ta fi sauran yin ƙasa, ita kaɗai za ta sha bugu sosai.

Wurin mayarwa ma akwai lura. Kowace ƙusa ta koma raminta na asali, domin tazarar hujinsu ta kan bambanta. Dole fuskarta ta dubi tsirkiya sak a daidai lokacin da ta ɗauru. In ta wuce, a sa mata siririyar washa ta tagulla. In ba ta kai ba, a ɗan kankare mazauninta. Kada a tilasta ta da sifana, wuyanta zai karye, zaren ya maƙale a cikin faranti, sai an yi huda kafin a fitar da shi.

Shawararmu ita ce, ka duba kowace a cikin hasken rana. Wadda ta tsage ko hujinta ya yi faɗi, kada ka wahalar da kanka, sabuwa za a nema. In ba ka da wancan ƙarfe, wanke su da igiya kawai ka mayar wa masu su, ka gaya musu gaskiya. Jakin goge in ya lalace, a sassaƙa wani yanzu-yanzu, amma wannan sai an aika nesa.

Da fatan ka gamsu, ka kuma gaishe mana da mutumin Gwandu. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.